Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Raya Yankin Arewa Maso Yamma: Wa Ke Riƙe Da Taswirar Hanyoyinmu?

Zuwa ga Shugaba da mambobin Hukumar Raya Yankin Arewa Maso Yamma, Kano, tare da kwamishinonin ayyuka da na sufuri na jihohin Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato da Zamfara.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto muku a bainar jama'a ne saboda maganar ta shafi duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi yana jiran mota, ko ya loda buhunan hatsi a tirela yana addu'ar su isa lafiya. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kafa hukumarku a watan Yulin 2024, aka ajiye hedikwatarta a Kano, jama'a ke ta lissafin titunan da za ku shimfiɗa da kwangilolin da za ku raba. Roƙona daban ne. Ina so ku ɗauki nauyin tsara sufurin jihohin nan bakwai a matsayin abu guda, domin shi ne aikin da kowa ya bar wa ɗan'uwansa, kuma muddin ba a yi shi ba, manyan ayyukan da ake kashe wa maƙudan kuɗi za su ƙare kowanne a gefensa, ba su haɗu ba.

Ku dubi abin da ke ƙasa yanzu. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, mai tafiyar kilomita 186, yana aiki tun Yulin 2016. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa, zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. A Yulin 2021 aka ƙaddamar da na Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, a hannun kamfanin CCECC na ƙasar Sin. Muna da tashoshin sauke kaya na kan tudu har uku: ta Kaduna da aka buɗe a 2018, ta Dala da ke Zawaciki a 2023, sai ta Funtuwa a 2024. Titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, kilomita 375, an ba da kwangilarsa tun Disamban 2017, aka yi ta ja-in-ja har aka karɓe ragowar aikin daga Julius Berger a 2024. A 2024 ɗin kuma aka soma babban titin da zai tashi daga Illela ya dire Badagry, kilomita 1,068. Ga bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, wanda in ya iso zai iya sauya irin man da motocinmu ke sha. Tun da jirgin ƙasa ya fara shiga Kano a 1911, ba na jin an taɓa jibge ayyukan sufuri masu yawa haka a yankinmu a lokaci guda.

To amma kowannensu da ubangidansa. Layin dogo na Ma'aikatar Sufuri ta tarayya ne da Hukumar Jiragen Ƙasa. Manyan tituna na Ma'aikatar Ayyuka ne, facinsu kuma na FERMA. Tashoshin kan tudu suna ƙarƙashin kulawar majalisar masu jigilar kaya ta ƙasa. Koguna na NIWA ne, can Lakwaja. Kiyaye haɗurra na FRSC ne. A jiha akwai ma'aikatar ayyuka, akwai hukumar tsara birane, akwai hukumomin kula da zirga-zirgar ababen hawa irin su KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna. Ƙananan hukumomi su ke da tashoshin mota da hanyoyin ƙauye, galibi ba tare da kuɗin kula da su ba. Kowa da kasafinsa, kowa da ɗan kwangilarsa, kowa da ranar yanka ƙyallensa. Ranar da jirgi zai fara tsayawa a Kazaure ko Mashi, wace hanya ce za ta kawo riɗin manomi daga ƙauyensa zuwa tasha? Wa zai gina ta, kuma a kasafin wace shekara? A ina manyan motoci za su tsaya su sauke? Wa zai zuba motocin da za su kwashe fasinja zuwa cikin gari? Gwamnonin yankin suna da dandalinsu, suna zama su fitar da sanarwa, sai dai zaman gwamnoni na yini ɗaya ba zai amsa waɗannan tambayoyi ba. Suna buƙatar ofishi mai ma'aikata na dindindin, waɗanda wannan ne aikinsu kullum safiya.

Mun riga mun ga abin da rashin wannan ofishi ke jawowa. Tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a Kaduna tana can bayan gari, ta Idu a Abuja ma haka, fasinja yana sauka sai ya shiga cinikin tasi da adaidaita, wani lokacin kuɗin ƙarasawa gida ya kusa kamo na tikiti. Jirgin cikin birnin Abuja da aka buɗe a Yulin 2018 ya tsaya a 2020, bai dawo ba sai Mayun 2024, kuma har yau bai leƙa Nyanya da Mararraba ba, inda tarin ma'aikatan birnin ke kwana. Ginin ya yi kyau, kuɗi ya shiga, amma ba a fara da tambayar ina mutane suke, ina kuma za su ba.

Akwai wani ƙulli da ya kamata ku sa wa ido tun yanzu. Tsohon layin dogo faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon kuwa 1,435, don haka taragon wannan ba ya hawa wancan. Tsohon shi ne ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, shi ne kuma ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930. Sabon layin daga Legas ya tsaya a Ibadan tun da aka buɗe shi a 2021, ba a haɗa shi da Abuja ba tukuna. Ke nan kwantenar da ta sauka a Apapa ba za ta iso Zawaciki a sabon layi kai tsaye ba, ko da an gama na Kaduna zuwa Kano gobe. A ina za a riƙa juye kaya daga wannan layi zuwa wancan? Shin za a farfaɗo da na Ƙauran Namoda ne, ko an haƙura da shi Zamfara ta zauna ba jirgi? Sakkwato da Kebbi fa, waɗanda ba su taɓa ganin layin dogo ba? Kafin 2023 jihohi suna iya cewa ba huruminsu ba ne. A Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa. Uzurin ya faɗi. Babu jiha ɗaya a cikinmu da za ta iya wannan ɗawainiya ita kaɗai, amma bakwai ɗin za su iya zama su yanke wane layi ne ya fi cancanta a fara nema masa kuɗi.

Aikin farko na hukumar tsara sufuri shi ne ƙidaya, kuma na san shi ne mafi rashin farin jini, don ba a kiran 'yan jarida a kansa. Motoci nawa ke wuce Kwanar Dangora a yini, me suka ɗauko, daga ina, zuwa ina? Mutum nawa ke shigowa Kano kowace safiya daga Gezawa da Wudil da Bichi da Madobi, nawa suke kashewa, awa nawa suke yi a hanya? A waɗanne kwanoni ne aka fi mutuwa? Ana tsayar da matasa da takarda ko waya a mahaɗun hanyoyi su ƙirga, a shiga gidaje a tambayi iyalai tafiye-tafiyensu na jiya, a karɓi bayanan haɗurra daga FRSC da asibitoci, a ɗora duka a taswira ɗaya. Jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato suna da malaman da suka karanci wannan fanni, kuma a Zariya cibiyar koyar da fasahar sufuri ta ƙasa take zaune. Masu ilimin suna nan, ba a dai ba su aikin ba.

In babu ƙidaya, ido ne ke yanke hukunci, kuma idon mai mulki daga cikin motarsa yake kallo. Shi ya sa abin da ya fi damun mai mota shi ke samun kuɗi. Kano ta samu gadojin sama da na ƙasa a Ƙofar Nassarawa da Kabuga da Dangi da Sabon Gari da Hotoro, ga na Tal'udu da Ɗan Agundi a baya-bayan nan. Ba na raina su, wasu sun kawo sauƙi na gaske. Sai dai gada tana kwashe cunkoso ne daga wannan mahaɗa ta kai shi ta gaba, kuma yawancin mutanen birnin ba su da mota. Ƙafa da adaidaita su ne sufurinsu. Kano ta taɓa samun tsarin shekara ashirin, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya jagoranci rubutawa na 1963 zuwa 1983. Tun daga lokacin gari ya haɗiye Kumbotso da Ungogo, ya miƙa hannu Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Gezawa, filaye suna zama unguwanni kafin a ware musu hanyar da babbar bas za ta iya juyawa. Haka Kaduna ke faɗaɗa zuwa Chikun da Igabi. Duk wanda ya raba tsara filaye da tsara hanya, to ya shirya biyan diyyar rusau nan gaba.

Tarihin adaidaita sahu ya isa darasi. A Janairun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin Kano bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Dalili ne na tsaro, kuma mutane sun fahimta. Amma ba a tanadi abin da zai maye gurbin baburan ba, sai adaidaita ta cike gurbin da kanta. Da masu ita suka tafi yajin aiki a Fabrairun 2021, suka sake a Janairun 2022 kan kuɗaɗen da ake karɓa a hannunsu, gari ya tsaya cak, ɗalibai da marasa lafiya da 'yan kasuwa suka koma takawa. A ƙarshen 2022 aka sanar da hana su bin wasu manyan tituna, ba a jima ba aka janye, saboda babu isassun motocin da za su kwashi jama'a. Jami'in da ke tsaye a titi yana kama mai laifi yana da aikinsa, kuma aiki ne mai wahala. Amma birni mai miliyoyin mutane da ya dogara kacokan kan abin hawa mai ɗaukar mutum uku ko huɗu, matsalarsa ta fi ƙarfin tara. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wannan rauni ya fito fili: kuɗin mota ya cinye albashi, wasu iyayen suka mayar da 'ya'yansu makarantar da ƙafa za ta kai su.

Abin da nake nema wasu sun riga sun yi shi. Legas ta kafa hukumar LAMATA da doka a 2002, ta ba ta ikon tsara sufurin birnin baki ɗaya. Ta shafe shekaru tana ƙidaya da zane kafin a ga motocin BRT, wato manyan bas masu layinsu na musamman a titi, daga Mile 12 zuwa CMS a 2008, sannan jirgin ƙasa na cikin gari ya fara ɗaukar fasinja a 2023. Gwamnoni sun zo sun tafi, tsarin bai sauya ba, kuma wannan ɗorewar ita ce ta sa masu ba da rance suka amince da ita. Dakar ta kafa tata, CETUD, tun 1997, ta fara da sabunta tsofaffin motocin haya ta hanyar haɗa masu su cikin ƙungiyoyi, har ta kai ga bas masu amfani da lantarki a 2024. A Amurka, dokar manyan tituna ta 1962 ta shardanta cewa duk yankin birni da ya haura mutum 50,000 ba zai samu kuɗin titi daga tarayya ba sai jiha da ƙananan hukumomin wurin sun zauna sun yi tsari tare. Hukumomin da suka fito daga wannan doka suna rubuta tsarin aƙalla shekara ashirin, da jerin ayyukan shekara huɗu, kuma aikin da bai shiga jerin ba ba ya samun kuɗin tarayya. Wannan sharaɗin shi ne ƙarfinsu. Ku ma kuna da irinsa a hannunku: kuɗin da doka ta ware muku. Kuna iya cewa ba za ku sa kwabo a titi ko tasha ba sai yana cikin tsarin da jihohin bakwai suka amince da shi.

Bari in tsaya kan lodi, domin nan ne dukiyarmu ke zurarewa. Injiniyoyi sun gano tun gwaje-gwajen da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 cewa ɓarnar da mota ke yi wa titi ba ta tafiya daidai da nauyinta. In aka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi sau biyu, ɓarnar tana ninkawa kusan sau goma sha shida. Ke nan tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce kima tana cin titi fiye da dubban ƙananan motoci. ECOWAS tana da ƙa'idar iyakar nauyi, amma ƙa'idar da ba a auna ta a sikeli takarda ce kawai. Siminti daga Kalambaina, hatsi daga Dawanau, taki, man fetur, duk a kan kwalta suke tafiya tun da jirgin kaya ya ja baya. Direba ba shi ne mai laifin farko ba. Mai kaya yana son buhu ɗari shida ya tafi a kuɗin ɗari huɗu, mai mota yana son mayar da kuɗin gas da na taya, direba in ya ƙi, wani zai ɗauka. Kuma jiha ɗaya ba za ta iya gyara wannan ba: in Kaduna ta sa sikeli Katsina ba ta sa ba, motocin za su sauya hanya su je su farfasa ƙaramin titin da ba a gina don su ba. Dole a auna a inda ake lodi, a bakin masana'anta da babbar kasuwa, da ƙa'ida ɗaya daga Kamba har Maigatari. Sannan a ware kuɗin gyara tun ranar da aka amince da gini. Kwalbatin da yashi ya toshe, in an yashe shi kafin damina, kuɗi kaɗan ne. In an bar shi, ruwa ya tsallaka ya yanke titin, sai a dawo a ba da sabuwar kwangila. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: titin da ba a shirya kula da shi ba, gara a kai kuɗinsa wurin ceto wanda ake da shi.

Hanyoyin da suka fi shan wahala su ne waɗanda suka ratsa iyakar jiha. Gwamna yana shimfiɗa kwalta har inda ƙuri'arsa ta tsaya, daga nan sai burji da ramuka, alhali kasuwa ba ta san iyaka ba. Tumatirin Kwanar Gafan da na Ɗanja, albasar Aliero, cittar Kachia, masarar Saminaka da Giwa da Dandume, shinkafar Argungu da ta kwarin Haɗeja, shanun Maigatari da Mai'aduwa da Wudil, duk sai sun ƙetare jihohi kafin su isa hannun mai saye. Kwandon tumatir da ya yi ƙarin yini a hanya ya zama asara, kuma manomi ne ke biyan ta, don dillali ya riga ya cire ta daga farashi. Shirin RAAMP na hanyoyin karkara, wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa ke tallafa wa, yana aiki a wasu jihohinmu, amma kowace jiha nata take zaɓa. Ku ne kaɗai ke da matsayin da za ku dubi taswirar ku ce wannan guntun kilomitocin da ke tsakanin jihohi biyu ya fi sabon titi a babban birni amfani.

Haka maganar shingaye. Direban da ya ɗauko shanu ko albasa yana tafe da tarin rasit na jiha da na ƙaramar hukuma da na ƙungiya, wani ma ba rasit. A ƙarshen Fabrairun 2021 haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu na wasu kwanaki, kuma yawan karɓe-karɓen hanya na cikin koke-kokensu. Ba ku da iko da abin da ke faruwa a kudu, amma kuna iya fara gyara gida: takarda ɗaya, kuɗi ɗaya, a biya a inda aka yi lodi, jihohin su raba a tsakaninsu.

Ranku ya daɗe, akwai rayuka a cikin wannan magana. A Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, ta kama da wuta, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. An yi ta magana kan masu ɗibar mai, kuma wayar da kai wajibi ne. Amma akwai tambayoyin da na mai tsara hanya ne: me ya sa tankoki ke ratsa tsakiyar garuruwa da dare? Ina wuraren hutun direbobi, waɗanda rashinsu ya mayar da kafaɗar titi a Tafa da Mararrabar Jos wurin kwanan manyan motoci? Motar kashe gobara mafi kusa tana ina, asibitin da zai iya karɓar masu ƙuna fa? A Mayun 2021 jirgin ruwa ya nutse a Warrah ta jihar Kebbi da fasinjoji sama da ɗari. A ƙarshen Nuwamban 2021 kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Mutanen Yawuri da Ngaski da Goronyo da Gummi da fadamun Haɗeja ba don nishaɗi suke shiga jirgi ba, ruwan shi ne titinsu, musamman da damina ko ranar kasuwa. Raba rigunan kariya bayan an yi jana'iza bai isa ba. Kowace mashiga tana buƙatar rajista, da mai ƙirga fasinja, da lokacin daina tashi, da sare kututturan da ke ƙarƙashin ruwa tun da aka datse Kainji a 1968. Inda kuma ƙidaya ta nuna gada ce mafita, a sa ta a gaban layi.

Tsaro kuwa ba sai na ja ba, kun fi ni sani. Harin jirgin Kaduna na 28 ga Maris 2022 ya tsayar da layin har Disamba. Hanyar Birnin Gwari, ta Funtuwa zuwa Gusau, ta Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi, kowa ya san lokacin da ba a bin su. A 2021 jihohi suka rufe kasuwannin mako, suka hana jigilar shanu, suka taƙaita babura, kowacce da ranarta da iyakarta. Ko a nan, matakin da aka ɗauka tare zai fi wanda aka ɗauka a rarrabe, kuma duk zanen sabuwar hanya ya kamata jami'an tsaro da mutanen garuruwan su gan shi kafin a sa greda.

Layin Maraɗi ya sa dole ku leƙa ƙetaren iyaka. Katsina da Maraɗi, Illela da Birnin Ƙwanni, Daura da Damagaram, dangi ne da auratayya da ciniki tun kafin a ja layi a taswira. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Siyasar ƙasashe ba taku ba ce. Amma hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar tana nan tun 1971 da ofishinta a Yamai, kuma ta hannunta za a iya tattauna ƙananan abubuwan da su ne za su sa jirgin ya samu kaya ko ya tafi fayau: a ina kwastan za su duba kwantena, sau ɗaya ko sau biyu, wace takarda ɗan kasuwar Maraɗi zai riƙe, me zai faru da direbobin Jibiya da 'yan dako da 'yan kamasho waɗanda abincinsu ke kan wannan hanya. In ba a yi musu tanadi ba, za su ɗauki jirgin a matsayin abokin gaba, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Wannan ya kawo ni ga waɗanda za su zauna a teburin. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motocin sufuri ta NARTO da ƙungiyoyin masu adaidaita sun san hanyoyin nan fiye da kowane ɗan kwangila. Shugabannin kasuwannin Dawanau da Kwari da Singa sun san lokacin da kaya ke motsi. Mata suna da tafiye-tafiyen da ba a cika ƙirgawa ba, awo a asibiti, kai yara makaranta, biki da gaisuwa, kuma su suka fi jin jiki in mota ta yi wuya ko dare ya yi. Mai keken guragu ba zai iya hawa gadar masu tafiya a ƙasa mai matakala ba, makaho ba zai iya tsallaka titi mai layi shida ba. Masu gonakin da layin dogo ya raba biyu suna buƙatar mashiga don shanunsu da amalankensu, ban da diyya. A kira waɗannan mutane tun ana zane, a yi musu bayani da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan yankin, a karanta daftarin a gidajen rediyo. Taron da aka yi a otal da Turanci bayan an gama yanke shawara ba jin ra'ayin jama'a ba ne.

Ina jin tsoron abu ɗaya, kuma gara in faɗa. An kafa hukumar raya yankin Neja Dalta a 2000 da kyakkyawar niyya irin taku. Binciken ƙwaƙwaf da aka miƙa wa gwamnati a 2021 ya lissafa ayyuka 13,777 da aka yi watsi da su ko aka yi su a gurguje. Hanyar da ta kai su can a buɗe take gare ku: kowane mai faɗa a ji ya kawo guntun titin garinsu, a raba kasafi gutsi-gutsi don kowa ya samu, a wayi gari kun zama ma'aikatar ayyuka ta takwas a yankin da yake da bakwai. Matsin zai zo muku daga manya, kuma abin da zai kare ku shi ne rubutaccen tsari da ma'aunin zaɓen aiki wanda kowa ya gani, ta yadda in an zo da alfarma za ku nuna takarda.

Don haka ina roƙon ku buɗe sashen tsara sufuri a cikin hukumar, da injiniyoyi da masana taswira da tattalin arziki da aka ɗauka bisa cancanta, waɗanda sauyin gwamnati ba zai kore su ba. Ku gayyaci kwamishinonin jihohin bakwai da wakilan Hukumar Jiragen Ƙasa da FERMA da NIWA da FRSC su riƙa zama a kai a kai, a rubuta abin da aka yanke, a wallafa. Ku fara ƙidayar a daminar bana da ranin da ke biye, tunda zirga-zirgar kaka daban take da ta bazara. Kafin jirgin farko ya tashi daga Kano zuwa Katsina, kowace tasha a layin ta kasance da takardar da ta nuna hanyar da za ta shiga cikinta, wanda zai gina hanyar, da shekarar da kuɗinta zai fito. Ku kuma sanya jerin ayyukanku da kuɗinsu da sunan ɗan kwangila a intanet, ku liƙa kwafi a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da abin ya shafa.

Ina fatan za ku amsa wannan wasiƙa a fili, ku faɗa mana wane ofishi ne a cikin hukumarku zai riƙe wannan aiki, da watan da za a yi zaman farko, don masu mota da 'yan kasuwa da manoma su san inda za su kai bayanansu.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da aka ɗora muku.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan yankinku, daga Kano.